Ba da Ita Yake Ba

"Idan ka gaji da ni ka faɗa mini ido da ido, Apenisa, ba sai ka fake da waƙa ba!"

Sai da maganar ta fita Salanieta ta lura a tsaye take ƙerere, a kan dattawan da ke zaune bisa tabarmi a zauren cocinsu na garin Levuka.

Apenisa, wanda ake shirin zuwa nema masa aurenta, ya tsaya da baiti a baki.

Ita fa a makare ta shigo. Tun a ƙofa Torika, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ta raɗa mata, "Ayya Sala, a bainar jama'a zai sallame ki?" Sai ga muryarsa yana rerawa: kar ki jira ni a bakin jirgi, kar ki taɓa hannuna, ki nemi wani ki aura.

"Sala..." ya ce a hankali. "Kakana ne yake magana."

Ashe a waƙar yana ari bakin kakansa ne, wanda aka ɗauke a da can zuwa tsibirin Makogai inda ake killace kutare. Ga matarsa da ya faɗa wa maganar nan, Kaka Litiana, zaune a sahun gaba, hawaye bai bushe mata ba.

Salanieta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin takaicin, malamar adabi ce fa! Kullum ita ce da ɗaga wa ɗalibai yatsa: "Kafin ku buɗe baki, wa ke magana a waƙar? Da wa yake? A ina suke tsaye?" Yau ga malama ta ji baiti ɗaya ta hau kai.

Kafin yamma saƙon mahaifiyarsa ya iso: yarinyar da ke tsayawa a kan manya ba za ta shigo mata gida ba.

Salanieta ta ƙi ci, ta ƙi fita, ko waya ta kasa ɗagawa don kunya.

"Kuka ba ya wanke wannan," in ji Kawu Isireli, ƙanin mahaifiyarta. "Tashi ki ɗaura zani."

Ya riƙo damin saiwar yangona, wadda ake kaiwa idan za a nemi gafara. A duƙe suka shiga gidan su Apenisa, ita ta raɓe can bakin ƙofa, kai a ƙasa. Kawu ya ajiye damin ya yi ta ban baki. Idan an karɓa, za a ɗora hannu a kai a tafa.

Mahaifiyar Apenisa ta kawar da fuska, mazan gidan kuwa ba wanda ya motsa.

"Ke, mai bakin nan," in ji Kaka Litiana. "Matso."

Da rarrafe ta matsa.

"Kaka, ki yafe mini... ban ji farkon ba, ban tsaya na..."

"Kin san abin da na ce wa mijina ranar da aka ɗauke shi, da jariri a hannuna?"

Ta girgiza kai.

"Cewa na yi, idan ka gaji da ni ka faɗa mini ido da ido. Da ƙarfi kuwa, har ma'aikatan jirgin suka juyo." Tsohuwar ta yi dariya tana share ido. "Wannan ja'irin ya sa maganar kakansa a waƙa ya manta da tawa. Duk zauren nan ke kaɗai kika ba shi amsa."

"Kin... jira shi?"

"Ya dawo babu yatsu, na kama hannun a haka."

Tsohuwar ta tura damin gaban babban ɗanta. Ya ɗora hannu, aka tafa. Mahaifiyar Apenisa ce ta ƙarshe, amma ta tafa.

A waje Apenisa ya tare ta gindin bishiyar mangwaro. Har yanzu ta kasa kallonsa.

"Malama, tambaya gare ni. Wa ke magana yanzu?"

"Don Allah ka bari..."

"Amsa za ki ba ni, masoyiyata."

"Kai ne."

"Da wa nake?"

"Da ni," ta ce, murya can ƙasa.

"To ki jira ni ranar Asabar, iyayena na tafe gidanku."

Ya miƙo hannu, ta kama.