Wanda Ya Cire wa Wybren Hular Rawaya

Tjerk Bouma, kai ka kashe mini miji. Kada ka ɗora wa iska, kada ka ɗora wa ƙaddara. Da ka gama kuma ka ɗauki biro ka mai da shi maƙaryaci, gawarsa ko hucewa ba ta yi ba.

Ni ce Sjoukje, matar Wybren Postma shekara arba'in da ɗaya. Ina 'yar sha uku na bar makaranta na shiga feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa ta garinmu Harlingen, saboda haka kada wani ya nemi daɗin baki a wurina. Ba na wurin da abin ya faru. Sufeto Marrit Zijlstra ce ta zauna a kicin ɗina ta karanta mini fayil ɗin shafi bayan shafi, don na ce ba za ta fita ba sai na ji komai.

Wybren sojan laima ne a ƙuruciyarsa, shi da Tjerk, jirgi ɗaya suke dirowa. Daga baya ya koma gyaran rufin gidaje. Bara ya zame daga tsani, aka yi masa tiyata a gadon baya, aka sa masa sandunan ƙarfe biyu da kusoshi takwas. Wata biyar yana zaune a bakin taga yana kallon tsuntsayen teku.

"Tsohuwa, zo ki ga wancan. Ya kwanta a kan iska abinsa, ko fiffike bai kaɗa ba."

"Sha maganinka," nake ce masa.

Shi Tjerk yana da gidan shawagi a bayan gari. Wata doguwar rijiya ce ta gilashi, manyan fankoki a ƙarƙashin raga suna huro iska sama, mutum ya kwanta a kanta rub da ciki kamar ya diro daga jirgi. Safiyar Talata ta masu lalura ce, kuma dokar gidan a hula take. Mai hular kwano rawaya ana ba shi iska kaɗan, malami na riƙe da shi, ba ya wuce tsayin ƙugu. Mai farar hula shi ake ɗagawa can sama.

Wybren ya dami likitansa har ya ba shi wasiƙa: hula rawaya, minti ɗaya, babu ƙari. Safiyar Talatar da zai tafi, da hannuna na sa wasiƙar a aljihun kwat ɗinsa, tare da burodi da cuku.

Ƙarfe goma da minti ashirin aka kira 'yan sanda.

Da Sufeto Zijlstra ta iso da Saje Ids, an kashe fankokin. Wybren na kwance a kan raga, an lulluɓe shi. Ma'aikatan motar asibiti, da suka duba bayanan jinyarsa, suka ce ƙarfen bayansa ne ya saki yana can sama, ya wuntsula, kansa ya bugi gilashi, wuya ya karye.

Sufeto ta ɗaga mayafin. Farar hula ce a kansa.

Saje ya ɗaga kai ya dubi tsayin rijiyar. "Ranki ya daɗe, ni ko da bindiga ba za a shigar da ni wannan injin busar da kaya ba."

"Babu wanda ya gayyace ka. Kira mini mai gidan."

Tjerk ya zo, idanu jawur, da takarda a hannu.

"Kai ne malamin da ya shiga da shi?"

"Ni ne. Abokina ne, shekara arba'in da bakwai."

"Ka san an yi masa tiyata a baya?"

"Na ji ya faɗo daga tsani. Ya ce mini targaɗe ne, ya warke. Ga fom ɗin da ya cike."

Sufeto ta duba. Inda aka tambaya ko an taɓa yi wa mutum aiki a baya, an zaɓi a'a. Ga sa hannu a ƙasa.

"Abokinka na shekara arba'in da bakwai ya kwana sha biyu a asibiti ba ka sani ba?"

"Mun kwana biyu ba mu haɗu ba."

"Ina hoton bidiyon? Na ga kuna sayar wa kowa nasa."

"Kyamara ta lalace tun jiya."

Sufeto ta sa fom ɗin a leda.

Da rana ta zo gidana. Na riga na ji labari, ina zaune a kujerarsa ta bakin taga. Ta ajiye kwat ɗinsa a kan tebur, ta faɗa mini abin da fom ya ce.

"Ƙarya ne," na ce mata.

"Uwargida Postma, wani lokaci mutum kan ɓoye..."

"Yarinya, kada ki koya mini mijina. Mutumin da ya taɓa komawa kasuwa a keke cikin ruwan sama don an ba shi ƙwai ɗaya fiye da na sayensa? Duba aljihun ciki. Akwai wasiƙar likita."

Ta duba. Burodi na nan da cuku, a naɗe yadda na naɗe su. Wasiƙa babu.

"Kuma wa ya ce miki Tjerk bai sani ba? Sau uku ya zo asibiti. A wannan kujerar da kike kai ya zauna, ya cinye mini kek, yana ce masa, 'Mazaje, yanzu in ka bi ta filin jirgi sai injin bincike ya yi ta kuka.' Suna dariya kamar yara."

Sufeto ta rubuta. Ta shanye kofin da na zuba mata, ta tafi.

Washegari da safe suka koma gidan shawagin. A ɗakin canja kaya huluna rawaya shida ne a rataye. Sufeto ta lura kowace tana da farin tef a ƙeya, an rubuta sunan wanda ya sa ta jiya da inda ciwonsa yake. Biyar ke nan. Ta shida babu tef, amma da ta taɓa wurin sai yatsanta ya manne.

"Saje, kwandon shara."

"Ni dai kullum ni ne na shara," in ji shi, ya zazzage shi a ƙasa.

A cikin kofunan takarda ya tsinci tef a cukuikuye. Ya warware shi. An rubuta: Wybren, baya.

Suka shiga ɗakin Nynke, matar da ke zama bayan gilashi tana ƙara iska tana ragewa. Jiya ta ce musu ita ba ta san komai ba, inji kawai take murɗawa. Sufeto ta ajiye tef ɗin a gabanta.

"Rubutun wa ne wannan?"

Nynke ta kau da kai daga tef ɗin.

"Na ga irinsa a sauran huluna biyar. In kawo miki su?"

"Nawa ne."

"Ta yaya kika san baya ne, tunda fom ya ce lafiyarsa ƙalau?"

Nan ta fashe da kuka. Ta ce Wybren da kansa ya miƙa mata wasiƙar likita tun daga ƙofa, har yana mata wasa wai ta karanta da kyau, matarsa za ta tambaye shi. Ta rubuta tef, ta manna a hula, ta kai wa Tjerk wasiƙar.

"To me ya sa kika ƙara iska?"

"Ni hula nake kallo, ranki ya daɗe. In sun sa rigar shawagi da tabarau duk kamarsu ɗaya. Na ga fara, oga ya ɗaga mini babban yatsa, na ƙara. Na ɗauka wani ne."

"Kyamarar fa?"

"Lafiyarta lau. Shi ya zare katin. Ya ce in fitar masa da sabon fom, in kuma na buɗe baki ni za a ɗaure, tunda hannuna ne a kan inji."

Sufeto ta ciro fom ɗin daga leda ta duba can ƙasa, inda na'ura ke buga lokaci da ƙananan lambobi. Goma da minti ashirin da shida. Wybren ya riga ya mutu lokacin da aka ce ya sa hannu.

Tjerk na ofishinsa. Sufeto ta jera masa tef da fom a kan tebur, ta nuna masa lokacin da yatsa.

"Matattu na sa hannu a gidanka?"

"Agogon na'urar ba daidai yake ba."

"Mun gwada shi yanzu. Daidai yake da nawa. Ina wasiƙar, ina katin?"

"Ban san zancen da kike yi ba."

Amma idonsa ya ci amanarsa. Sau biyu yana satar kallon bango, inda ya rataye tsohuwar jakar laimarsa ta soja. Saje ya sauko da ita. A ciki akwai jar hularsu ta sojan laima, a cikin hular ga wasiƙar likita a ninke, ga katin kyamara.

"Me ya hana ka ƙona su?"

Tjerk ya zauna a kujera.

"Na kunna ashana sau biyu. Na kasa. Hotonsa na ƙarshe ne."

"Faɗa mini daga farko."

"Ya yi mintinsa ɗaya da rawaya, ina riƙe da shi kamar jariri. Da muka fito ya zauna a benci. Can ya ce, 'Tjerk, wannan shi ne shawagin? Ni da na diro sau tamanin da huɗu, yau ni ake riƙe wa ƙugu?' Na ce likita ya hana. Ya ce, 'Likita bai taɓa tsayawa a ƙofar jirgi ba. Kai ka tsaya. Sau ɗaya, mazaje. Ka kai ni sama sau ɗaya, in koma kujerata in zauna har in mutu.' Ya riƙe hannuna yana hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba."

"Sai ka canja masa hula."

"Na ɓare tef ɗin, na ba shi fara."

"Fom ɗin fa? Shi ma roƙonka ya yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji. Za a rufe gidan."

Saje ya sa masa ankwa. Suka fito da shi ta gaban rijiyar gilashin, ya kau da kai bai dube ta ba, har aka sa shi a mota.

Da Sufeto ta kai ƙarshen fayil ɗin a kicin ɗina, na ce ta ba ni katin. Ta ce shaida ne, sai an gama shari'a. Na ce to ita ta kalla? Ta ce ta kalla.

"Yaya yake?"

Ta rufe fayil ɗin.

"Daƙiƙa talatin da takwas yana sama kafin abin ya faru. Ya buɗe hannuwa. Dariya yake yi, Uwargida."

Wata biyar ina dafa masa abin da yake so, ina wanke shi, ina sa masa safa, ban ga wannan dariyar ba ko sau ɗaya. Tana cikin wani ɗan kati a kulle a ofishin 'yan sanda, ni ina nan da kujera da taga. Tsuntsayen suna zuwa kullum. Yanzu ni ce nake kallonsu, babu wanda zan ce wa ya zo ya gani.

Matan layinmu suna cewa in yafe, wai ƙauna ce ta sa shi. Lauyansa ma haka zai ce. To ni ƙiyayya nake yi masa? Ni ma ya roƙe ni. Ya roƙe ni in bar shi ya hau tsani, ya roƙe ni keke, ya roƙe ni ya ɗauki jikarsa a kafaɗa. Na ce a'a, na ce a'a, ya yi fushi ya kwana biyu bai yi mini magana ba. Amma yana raye yake fushin.

Ranar sha huɗu ga wata za a shiga kotu. Zan zauna a layin gaba da kwat ɗinsa a cinyata. Ina so alƙali ya tsayar da kai, Tjerk, ka faɗa da bakinka kowa ya ji cewa Wybren Postma bai yi ƙarya a takarda ba. Sannan ka juyo ka dube ni. Kalma ɗaya ce aikinka a gidan shawagin nan, a'a, kalmar da ni jahila na yi wata biyar ina faɗa. Ka gaya mini abin da ya hana ka faɗarta.