Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Hannunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Can a layin baya na ɗakin taron wani ya ɗaga hannu ya ƙi saukewa, alhali kowa tafi yake yi.

Abbanta ne ya gama jawabi. Dattijo ne masanin halayyar ɗan'adam, wanda ya yi suna wajen jinyar waɗanda suka tsira daga haɗari. Hanyarsa ita ce washegarin haɗarin ya tara su a ɗaki ɗaya, kowa ya amayar da duk abin da ya gani, a yi kuka a gama, a sallame su. Auta, wadda ta karanci fannin saboda shi, take kuma aiki a asibitinsa, tana zaune a gaba tana jin kanta ya yi girma.

"Ranka ya daɗe," saurayin ya ce da aka miƙa masa makirufo, "ka ce duk wanda ya dawo wajenka godiya yake yi. To waɗanda ba su dawo ba fa, an taɓa bin sawunsu?"

Abba ya yi wani murmushi da Auta ta san ba na daɗi ba ne.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan aikin. Wanda ya warke me zai dawo yi?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai wanda ciwonsa ya ƙaru ma ba zai dawo ba."

A bakin matattakala Auta ta tare saurayin.

"Malam, ba a koya maka ladabi ba ne? Mahaifina ka tozarta a gaban jama'a."

Ya cire gilashinsa ya dube ta, idanunsa a gajiye amma babu raini a cikinsu.

"Ki yi haƙuri. Wallahi da littafinsa na fara son wannan fannin. Mai bincike ne ni a jami'a, hujja kawai nake nema."

"To sai ka je ka nema, Malam Hujja."

Ta wuce fuu. Sai da ta shiga mota ta lura murmushinsa ya biyo ta.

Wani kwas na ƙarin sani ya sake haɗa su, shi yana koyarwa, ita tana layin gaba tana neman inda zai yi kuskure. Ba ta samu ba. Da kwas ya ƙare, gardamar ta koma waya, daga gardama ta koma hira, har wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Autar Abba, na yi gwaji a kaina. Ranar da na ji muryarki aikina tafiya yake, ranar da ban ji ba ko shafi ɗaya ba na iya karantawa. Na maimaita, sakamakon bai canja ba. Ina sonki."

Ta rubuta masa: "Mutum ɗaya bai isa bincike ba, Malam Hujja. Amma ka ƙara da ni, mun zama biyu."

Umma ce ta kai wa Abba maganar neman aurenta. Auta na kicin ta ji ƙarar kofi a kan tebur.

"Wannan yaron? Wanda ya miƙe a gaban ɗalibaina ya ce ban san aikina ba? Muddin ina numfashi ba zai taka gidan nan ba!"

Akwai mataimakin Abba a asibiti, wanda ya daɗe yana zagaye Auta da ƙananan kyaututtuka, Abba kuma yana son haɗin. Shi ya same ta a ofis ya turo ƙofa.

"Ƙanwata, tausayinki nake ji. Kin san kafin ya fara kula ki sai da ya nemi izinin duba fayilolin marasa lafiyarmu, Dokta ya hana shi? Da ƙofa ta rufe sai ya biyo ta taga. Ke ce tagar."

Maganar ta soke ta. Ta daina ɗaga wayar Malam Hujja. Saƙonni suka yi ta shigowa: "Sanyin idona, me na yi?" "Ko zagi ne ki turo, in san kina lafiya." Daga ƙarshe ta ɗaure zuciya ta gwada shi:

"Na san abin da kake so. Gobe zan kawo maka fayilolin, sai mu rabu lafiya."

Amsar ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Kada ki taɓa ko ɗaya. Sirrin mutane ne, amana ce a hannunki da hannun Abba. Gaskiya ne na nema ta hanyar da ta dace, aka hana ni, na haƙura. In sai na zubar miki da mutunci zan yi bincike, na bar binciken. Ke nake so, Auta."

Ta kifa kai a tebur ta yi kuka. Amma tambayarsa ta ranar taro ta ƙi barin ta. Ta yanke shawarar ta kira tsofaffin marasa lafiyar da kanta, tunda bibiyarsu aikinta ne, don ta rufe bakin kowa da shaidar cewa Abba ne da gaskiya.

Na farko ya yi godiya, ta ji sanyi. Na biyu ya kashe wayar da jin sunan asibitin. Ta uku malamar makaranta ce, muryarta can ƙasa.

"Likita, ni abin da na gani da sauƙi. Amma a ɗakin nan na ji wani yana ba da labarin yadda ɗansa ya mutu a hannunsa. Har yau shi nake gani in na rufe ido. Na bar aiki, ba na iya shiga mota."

Auta ta ci gaba da kira ɗaya bayan ɗaya. Masu irin wannan amsar sun fi ƙarfin a ce tsautsayi ne.

Ta sami Abba a falo bayan la'asar, ta durƙusa a gefen kujerarsa ta faɗa masa duka. Fuskarsa ta yi duhu.

"Yaron nan ne ya sa ki."

"Wallahi bai ma sani ba, Abba. Kare ka na je yi."

"Ni za ki koya wa aiki? Ni na riƙe hannunki na nuna miki yadda ake zama da mara lafiya!"

"Kai ka koya mini in saurare su, Abba. Su na saurara."

Ya nuna mata ƙofa. Gidan ya zama kamar gidan makoki, Umma na kai da kawo tsakanin ɗakuna biyu. Auta ta rame. Malam Hujja kuwa saƙo ɗaya ya turo: "Ki bi shi a hankali, Autata. Aikin rayuwarsa ne. Zan jira."

Wata safiya Abba ya fito da makullin mota, bai kalle ta ba.

"Tashi ki raka ni wajen malamar nan, in ta yarda."

Malamar ta yarda. A ɗan ƙaramin falonta, labule a sauke, Abba ya zauna ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba ko sau ɗaya. A hanyar dawowa ya tsayar da motar a gefen titi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Auta ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Kira mini yaron nan," ya ce.

Ya zo da rigar da ta sha guga, gumi na bin wuyansa. Abba bai ba shi hannu ba.

"Za a bi sawun kowa, da izininsu, bisa ƙa'ida. Abin da ya fito ka rubuta shi yadda yake, ko da sunana zai zube. Maganar 'yata kuma, kada ka kuskura ka tayar da ita yanzu."

Watanni aka yi ana aikin. Sakamakon ya nuna zaman washegarin haɗari ba ya hana firgici, wasu ma yana ƙara musu. Amma ya nuna wani abin da shi kansa mai binciken bai zata ba: waɗanda Abba ya riƙa gani su kaɗai, mako bayan mako, yana sabar da su da abin da suke tsoro kaɗan-kaɗan, yawancinsu sun koma rayuwarsu.

"Na yi kuskure, ranka ya daɗe," ya ce wa Abba. "Na ɗauka duk hanyar ce ba ta aiki."

Abba ya soke zaman washegarin haɗarin da hannunsa. Mataimakin ya ga ba riba, ya nemi canjin wurin aiki. Malamar makarantar kuwa Abba da kansa ya karɓi jinyarta, har ranar da ta zo asibiti a motar haya ita kaɗai, tana dariya tana share hawaye.

A yammacin ranar Abba ya leƙa ofishin Auta.

"Ki ce wa mai taurin kan nan ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure cikin 'yan'uwa da abokan aiki. Da za a tafi da ita, Abba ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Ga ta nan, ɗana. Ba ta iya ƙarya ba, ko don ta faranta wa ubanta. Ka riƙe ta da kyau."

"In Allah ya yarda, Abba."

Auta ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka, ya shafa kanta.

"Ya isa, uwata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku zama sanyi ga juna da ga duk wanda ya kawo muku kukansa."

Umma da dangi suka amsa da amin, angon ya buɗe mata ƙofar mota.