Gidan Kwalin Marigayi Yeap

"Ya zana wa rabin Penang gidaje, shi kuwa a gidan haya ya mutu."

Siew Hoon, mai karɓar baƙi, ta ji Goggo Yeap tana faɗar haka ita kaɗai a gaban akwatin gilashi. Mijin Goggo ne ya kafa kamfanin zanen gine-ginen. Maganar ta ƙi barin yarinyar.

Ran Litinin aka tarar ɗan samfurin gida na kwali da ke akwatin ya ɓace. Marigayin ya zana wa kansa shi tun yana saurayi, bai taɓa ginawa ba. Da shi za a buɗe bikin tarihin kamfanin.

Sufeto Ravindran ya fara da mai gadi.

"Kawu, barci kake yi ko?"

"Ina yi mana, yallaɓai. Amma ba ni da makulli, gilashin kuma lafiyarsa lau."

Ɗan marigayin kuwa ba ya gari, a Ipoh ya yi hutunsa, ba a zarge shi ba. Sufeto ya juyo kan Siew Hoon.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Goggo."

"Tsohuwa za ta saci kayan mijinta? Ki tuna inda kika kai shi kafin gobe, ko mu tafi caji ofis."

Siew Hoon ta kasa zama, ta leƙa akwatin ta sake leƙawa. Lambar yabon marigayin ta zinariya tana nan a ciki, ba a taɓa ta ba. Wane irin ɓarawo ne wannan?

Watan da mutanen garin ke ƙona wa matattunsu kaya ake ciki, rigunan takarda, motocin takarda, gidajen takarda, don su same su a lahira. Ta zagaya bayan ofis ta tona tokar durom ɗin ƙonawa. Ga ƙananan allurai birjik, ga 'yar tagar roba ta narke. Gidajen takarda na shago da gora ake haɗa su, ba da allura ba. Gidan kwalin marigayin ne aka haɗa da allurai.

Ta sami Goggo tana shan shayi, ta ajiye tagar kusa da kofin. Matar nan ce ta sama mata aikin.

Goggo ko gezau. "Na shago zan aika masa? Cewa zai yi tagogin sun karkace. Yanzu dai ya shiga nasa. Sha shayi, 'yar nan."

Siew Hoon ta juya kofin, ta sake juyawa. Sannan ta ɗago kai.

"Goggo, gobe ni za su tafi da ni. Ke za ki faɗa wa Sufeto, ko ni zan faɗa?"