Ƙullin da ke Kan Rumbun Nata'ala

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin daminar 1956, Sufeto Maharazu na 'yan doka ya baro Kankara yana taka kekensa kamar an biyo shi. An aiko daga ƙauyen Mabai cewa an kwashe dami goma sha biyu na gero a rumbun Alhaji Nata'ala, kuma wai har an kama ɓarawon. Wannan "har an kama" ita ta sa shi sauri, don ya san halin jama'a in ransu ya ɓaci.

Ya tarar da su cunkus a ƙofar gidan Alhaji, sun ɗaure wani siririn mutum a jikin bishiyar bedi. Mani ke nan, masaƙi, baƙo daga Damari, ba shi da kowa a garin sai matarsa. In aka kai shi gaban alƙali a haka, gidan yarin Katsina zai kwana.

"Wa ya tabbatar shi ne?" in ji Sufeto.

"Ranka shi daɗe, ai magana ta ƙare," in ji Alhaji. "Dami ukku muka iske bayan dangarshi. Kowa ya gani."

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya matso, Lawwali, ƙanen Alhaji, wanda ke yi masa noman gandu. "Ni na gan shi ran Lahadi da magariba shina saukowa daga rumbu. A kawo Alƙur'ani in dafa!"

"Ajiye rantsuwarka tukuna. Kai kana hawan rumbun?"

"Ni? Tun kaka ban taka tsaninshi ba. Yaya ba ya bari."

Mani dai hawaye kawai yake yi. "Wallahi ban ɗauka ba, ranka shi daɗe. Ba ni da mai shaida sai Allah."

A shekara goma sha tara da ya yi yana aiki, Sufeto ya ga tabbaci iri-iri. Wani da baki yake tabbatarwa, wani da rantsuwa, wani kuwa in mutum talatin suka faɗi abu, shi ke nan ya tabbata. Shi ya fi yarda da abin da zai iya gwadawa da idonsa.

Ya sa aka jingina tsani ya hau. Jinkar rumbu na zaune daram, an ɗaure ta da igiyar rama tamau. Ya ɗaga gefe ya zura hannu: gero bushe ƙarau.

"Yaushe aka yi ruwa?"

"Ran Litinin, kamar da bakin ƙwarya," in ji Alhaji.

Sufeto ya sake duban ɗaurin. Wane ɓarawo ne zai saci gero, sannan ya tsaya ya rufe rumbun ya ɗaure don kada ruwa ya taɓa sauran? Sai wanda yake ci daga ciki.

"Alhaji, wannan ɗaurinka ne?"

Tsoho ya hau da ƙyar, ya ƙura ido. "A'a. Ni ba haka nika murɗawa ba. Wanga baibai ya tafi."

Ɗaurin bahago. Sufeto ya yanke ƙullin da wuƙa ya jefa aljihu. To amma ina za a gane bahago a garin da tun mutum yana yaye ake bugun hannunsa har ya koyi ci da gaisuwa da dama? Ya ɗaga kai, ya ga hadari ya taso baƙi ƙirin daga wajen Faskari. Sai ya yi murmushi.

"Ku sauke jinkar nan ƙasa. Kowa ya zauna."

Ya buɗe littafinsa ya shiga tambayoyi marasa kan gado. Sunan uban Mani? Zare nawa yake saƙawa a mako? Iska ta fara kaɗa rigunan mutane, aka yi cida mai ƙarfi.

"Ranka shi daɗe, geron!" in ji Alhaji.

"Shaida ce, a bar ta a buɗe. Mani, ka ce sunan kakanka wa?"

Ɗigon farko ya faɗo a kan littafin. Lawwali ya yi zumbur ya miƙe.

"Abincin shekara ne fa! Ni na nome shi!"

Kafin a ce me, ya sungumi jinka ya haye tsani, ya kifa ta, ya fizgi igiya. Hannun hagu ya shige gaba, ya murɗa, ya ja, ya soke bakin igiyar.

Sufeto ya hau bayansa, ya yanko sabon ƙullin, ya sauko ya ɗora shi a tafin hannu tare da na aljihu.

"Alhaji, zo ka gani!"

Ko makaho ya shafa ya san hannu ɗaya ne ya yi su. Wuri ya kaure da salati.

Lawwali ya sauko ya zube a gindin tsani. "Shekara ashirin ina noma, Yaya, ko zangarniya ɗaya sai na roƙa. Dami tara na kai kasuwar Sabuwa. Da ka leƙa ta gefen jinka ka ƙirga ka ga sun ragu, tsoro ya kama ni, na jefa ukku bayan dangar Mani." Ya sunkuyar da kai. "Na ga ba shi da mai tsaya mashi."

"Da na bar ka ka dafa Littafi, da yanzu laifinka biyu ne," in ji Sufeto, ya ɗana masa ankwa.

Ruwa ya kece. Alhaji Nata'ala ya tafi da kansa gindin bedi, ya durƙusa cikin taɓo zai kwance Mani. Ya kai hannu kan igiyar, sai ya tsaya cak. Ƙullin nan ma baibai ya tafi, ɗaurin ƙanensa ne.

Ya ja, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Sufeto ya miƙa masa wuƙa, ya tasa Lawwali gaba suka nufi Kankara.