Farantin Baraka

Tabon maiƙo ne ɗan ƙarami a bakin aljihun rigar makarantar yarinyar, bai fi faɗin babban yatsa ba. Hansatu ta gan shi ne a wucewa, lokacin da take zagayawa da ɗalibanta ta gaban ɗakin gilashi inda yara masu ciwon suga ke cin abincin rana. Yarinyar ta tura farantinta cikin ramin bango, farantin ya yi ɗan ƙara siriri, fitilar da ke damtsenta ta koma koriya. Ta goge hannu a gefen riga, ta fice da gudu.

Na'urar da ke damtsen nan sunanta Raino. Faɗinta kamar marfin kwalba, tana manne da fata dare da rana, tana auna sugan jini, tana ɗiga insulin gwargwadon buƙata. Abokin aikinta shi ne faranti-mai-awo. Kafin yaro ya sa hannu, farantin ya san nauyin shinkafa da wake da kifin da ke kansa. Idan ya gama sai ya sake awo, ya gaya wa Raino abin da ya shiga ciki, ita kuma ta saki maganin da zai ishi wannan abincin. Tun da aka kawo su makarantun Tudun Haske, birnin da jiragen ƙasa ke bi ta saman rufin gidaje, yara suka daina soke yatsa, iyaye mata suka huta da zaryar kawo allura lokacin tara.

Hansatu ba ta taɓa musun alherin Raino ba. Jinya ta karanta a jami'a, kuma a kan ciwon sugan yara ta yi bincikenta. Aikinta yanzu shi ne horar da ma'aikatan jinya na unguwa da za a raba wa makarantu. A da zango guda ake yi ana horon, yanzu ya koma 'yan kwanaki: yadda ake canza kwalbar magani, yadda ake goge farantin, yadda ake kashe Raino a sake kunna ta. Jummai, wadda ta fi kowa shekaru da baki a cikin ɗaliban, ta ce ita dai a ganinta gyaran rediyo aka koya musu, a ba su sukudireba kawai su tafi. Aka yi dariya, Hansatu ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Akwai darasin da ta shirya aka cire. A ciki ta yi bayanin zufa mai sanyi, da rawar hannu, da yadda yaro mai ladabi kan rikice ya hau tsiwa ba dalili idan suga ya faɗi. Dakta Maikano, shugaban shirin, ya ce mata ba sai an cika wa mata kai da tsohon yayi ba, Raino ta fi ido gani. Ta ce to.

Da suka fito tsakar makaranta sai ta sake ganin yarinyar a ƙarƙashin rumfar sola, ita da wata 'yar siririya. Ta zaro ƙullin leda daga aljihun nan mai maiƙo, ta kwance: kifi ne ɓari guda, da shinkafa da wake da aka dunƙule da hannu. Ta miƙa wa ƙawar. Sauran yaran makarantar curin kunu busasshe wani inji ke ba su, masu ciwon suga kaɗai ake dafa wa abinci, kuma ta gilashi kowa na kallonsu suna ci.

Nan take Hansatu ta yi lissafin. Farantin ya tafi babu ko ƙwaya a kai, wato ya gaya wa Raino an cinye duka, Raino kuma ta saki maganin cikakken faranti a jikin da bai ci ko rabi ba. Ta san na'urar za ta daina ɗigo da zarar ta ga suga na sauka. Ta kuma san wanda ya riga ya shiga jini babu mai fito da shi.

Ta kira yarinyar, amma muryarta ba mai nisa ba ce, ƙararrawar komawa aji ta haɗiye ta. Kafin ta ƙarasa rumfar yaran sun ɓace cikin taro. Nan take aka zo aka ce Dakta ya iso, ita ake jira a zauren taro, ita za ta riƙa miƙa masa takardun shaidar kammala horo.

Aka ce kowa ya rufe ƙarar allon hannunsa na karɓar saƙo saboda jawabi. Dakta ya yi magana a kan birnin da babu yaron da zai sake suma a aji. Hansatu na tsaye a gefensa riƙe da takardun. Ta buɗe baki ta rufe ba adadi. A gidansu ba a katse babba, ko ruwa za ka kawo masa sai ya kai aya. Ta yi ta ce wa kanta yanzu zai gama.

Bai gama ba ƙofar ta buɗe, 'yar siririyar nan ta shigo ba takalmi, tana kuka tana cewa Baraka ta faɗi.

A ajin suka tarar da ita, yarinyar nan mai tabon maiƙo, kwance gaban allo. Malamin, Malam Tanimu, yana ta rantsuwa cewa shi gwiwa kawai ya sa ta yi, don ta mayar masa da magana, abin da ba ta taɓa yi ba. Raino na ta walƙiya ja. Tuni ta aika wa Cibiya, ofishin da ke lura da duk na'urorin birnin, saƙo, Cibiya ta taso jirgin agaji, amma daga ɗaya ƙarshen birni. Sababbin ma'aikatan jinyar suka yi cirko-cirko. Jummai ta durƙusa tana danna na'urar don ta kashe ta kunna, abin da aka koya mata ke nan.

Hansatu ta juya yarinyar ta kwanta a kan haƙarƙari, ta hana wata da ta taho da ruwan suga ta ɗura mata. Ta ruga ɗakin jinya, ta ɓalle akwatin gaggawa da ba a taɓa buɗewa ba, ta ɗauko feshin da ke tayar da suga, ta fesa mata a hanci. Jikin yarinyar sanyi ƙalau, riga ta jiƙe sharkaf. An daɗe kafin ta motsa ido.

Baraka ta yi kwanaki a asibiti. Ta rayu, sai dai maganarta ta yi nauyi, likitoci suka ce mai yiwuwa ta saki, mai yiwuwa a'a. Da Hansatu ta je dubiya, kakar yarinyar ta ce ita ta koya mata, kuma ba ta ga laifin abin da ta koya ba: ba a cin abinci wani na kallo ba a ce masa bismillah ba. Asabe, ƙawar, tun suna rarrafe suke cin kwano ɗaya.

Ranar zaman kwamitin da aka kafa kan lamarin Hansatu ta miƙe. Ba ta taɓa magana a irin wannan zama ba.

“Ranka ya daɗe, farantin bai yi kuskure ba, Raino ma haka. Amma babu ɗayansu da zai tambayi yaro wa ya ci. A bar ma'aikaciyar jinya ta zauna da su a ci tare, ta san mai rabawa da mai ɓoyewa. A mayar mana da darasin da aka cire. Idan da hali, a dafa wa ƙawayen ma.”

Dakta Maikano ya saurare ta har ƙarshe. Ba mugu ba ne, shi ma idonsa ya faɗa tun ranar. Ya yaba mata, ya ce da ba ta wurin da labari ya sha bamban.

“Amma 'yata, mutum yana gajiya, yana mantuwa, yana jin nauyi. Ke kanki kin gani. Abin da za mu toshe shi ne hanyar da abincin ke bi ya fita.”

Ta san abin da yake nufi da jin nauyin: rashin katse shi da ta yi a zauren taro. Ta zauna.

Kafin wata ya ƙare aka ɗinka wa yara masu ciwon suga riguna marasa aljihu. Aka shafe gilashin ɗakin da farin fenti, na waje ba ya ganin na ciki. Aka sa wa kowane tebur ido-mai-lura da ke bin cokali daga faranti zuwa baki. A horon ma an ƙara darasi ɗaya: yadda ake laluben yaro a bakin ƙofa. Jummai aka ba makarantar. Ta ce wa Hansatu daga mai gyaran rediyo ta koma ɗan sanda, amma wannan karon babu wadda ta yi dariya.

Ranar da Baraka ta dawo, Hansatu ta zo duba sabon tsarin. Ta wuce Asabe a waje, tana zaune ta jingina da farin gilashin, curin kununta a cinya ba ta ɓare ba. A ciki Baraka na gaban farantinta, hannunta na neman aljihu a gefen riga yana zamewa. Ta dubi gilashin, ba ta ga kowa ba. Sai ta ɗago ta ga Hansatu tsaye a kanta, ta ɗan turo farantin gabanta.

“Anti,” ta ce a hankali, harshen na ja, “bismillah.”

Idon da ke saman tebur ya juyo. Hansatu ta san loma ɗaya za ta ɓata awon, ta tayar da ƙararrawa har Cibiya. Ta dubi kifin, ta dubi yarinyar.

“Na ƙoshi, Baraka. Ci abinki.”

Baraka ta daɗe tana kallonta. Fitilar damtsenta na jira, ba ja ba koriya. Ta ajiye cokalin a gefen farantin a hankali don kada ya yi ƙara, ta zame daga kan kujera, ta ɗaga hannuwa a bakin ƙofa Jummai ta laluba ta, ta fita.