Sunan 'Yar Fari

Kaba ce kawai ta mayar da Dela Gidan Gargajiya a wannan yammacin. Da rana ta rina ta, ja da kore, ta shanya a bayan zaure, ta manta. Sai da ta ɗora tukunyar tuwo ta ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin a kan duwatsun Kazaure. In ruwa ya taɓa kabar nan launin zai zube, gobe 'yan mata ba su da abin saƙa. Ta roƙi maƙwabciya ta duba mata wuta, ta ja mayafi ta fita.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara shigowa, naira ta kori fam, kowane gari na neman abin da zai nuna wa baƙo. 'Yan ƙungiyar ci gaban unguwa suka gina zaure mai rufin kwano a gefen gari, a gindin dutse, suka raɗa masa Gidan Gargajiya. Da babban hutun damina ya zo, Malam Muhammadu Lawal, malamin makarantar da aka ba riƙon gidan, ya ce ba zai zuba ido yara su cika gari da ƙiriniya ba. Ya tattara su. Da safe a koyi sana'a: sassaƙar ƙwarya, dukanci, ginin tukwane. Da la'asar a zauna a ji tarihi daga bakin tsofaffi. Dela kuwa saƙar faifai take koya wa 'yan mata.

Ba sha'awa ce ta kai ta ba. Ce mata aka yi ta je, ta je. Tun da babbar mota ta buge mijinta a sabuwar kwaltar Daura, Dela ta zama kamar turmi a tsakar gida, inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ta yi takaba ta fita. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙara dariya ba. Tuwo da ƙasa ɗaya suke a bakinta. Ran nan basilla ta huda mata yatsa, sai da wata yarinya ta nuna mata jini a kan faifai sannan ta lura.

Cikin 'yan matan da take koya wa har da 'yarta ta fari, Saude. Mu muna iya faɗin sunan. Dela ce ba ta iyawa. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, tun ba a gidansu ba, inda ake ji da ita. Tun yaye aka kai yarinyar Roni wurin kakarta, sai bara da tsohuwar ta rasu ta dawo hannun uwarta, ta yi tsawo, ba ta da yawan magana. Dela ba ta taɓa ɗora sunan nan a harshenta ba. “Ke” ne, ko “ke wannan”. A wurin saƙa za ta kira 'ya'yan mutane da sunayensu ta gyara musu riƙon basilla, in ta zo kan tata sai ta dubi gefe ta ce, “Ke, warware.” Ba wanda ya ga laifinta. Haka ake yi.

A farkon makon nan Malam ya zo da rikodar da aka aiko daga Kano, ya ce kowane mai sana'a ya faɗi asalinsa a ɗauka, don na baya. Dela ta faɗi nata da muryarta marar hawa da sauka: kakanta marini ne, a tsohon karofin da ke bayan zauren nan ya yi rini har ya tsufa. Malam ya tambayi sunayen 'ya'yanta. Ta ce Abu, ta ce Mamuda, ta yi shiru. Ya tsokane ta, wai ai tarihi ba ya kunya, mata suka yi ta dariya, aka wuce wurin. Saude tana zaune a gefe, kanta a sunkuye, tana saƙa.

Karofin kuwa yara sun nome ciyawar da ta rufe shi, don a nuna wa iyaye ranar rufe taro. Tun kafin samun mulkin kai aka daina rini a wurin. Ramukan duk sun cike da yashi, in ban da guda ɗaya da ke can ƙarshe, wanda har yanzu akwai ruwa a ƙasansa, shuɗi mai duhu. Yara, da ba su san wuta ba sai sun taka, suka mayar da shi abin wasa. Su leƙa, su ƙwala sunan juna a ciki, su saurari yadda yake dawowa.

Ana kiran magariba Dela ta iso. Kiran ya zo daga nesa, iska tana tsinka shi. Kwaɗi sun cika fadama da kuka. Ƙamshin ruwan da bai sauka ba ya cika ko'ina.

A bakin ƙofar zaure ta tarar da kabar. An tattara, an ware ja daban kore daban, an ɗaure da tsumma. Ta gane ɗaurin. Na Saude ne, irin na mutanen Roni, mai kunne ɗaya. Ashe yarinyar ta riga ta ganin hadari, ta taho ba ta faɗa wa kowa ba. Dela ta duba hagu da dama. Ba kowa.

Sai ta ji magana.

Muryar mace ce, tana ba da labari a hankali. Kakanta marini ne. A nan ya yi rini har ya tsufa. Dela ta tsaya tana saurare kafin ta gane muryarta ce. Ta ce a ranta Malam ya manta rikoda a kunne. Ta dubi ƙofa. Kwaɗon ƙofar na nan a rufe, ƙaton gaske.

Muryar ta ce Abu. Ta ce Mamuda.

Dela ta jira shirun da ta yi ran nan, da dariyar mata.

“Saude,” in ji muryar.

Dela ta matso. Ta kara kunne a jikin ƙofa. Cikin zaure tsit, sai ƙarar kwano da iska ke taɓawa. Maganar ba daga ciki take fitowa ba. Daga baya ne.

Ta bi jikin bango. Ƙasa ta yi laushi, tana riƙe takalmi. Kafin ta kai kusurwa wari ya tare ta, na baban rini da toka da tsohon ruwa, warin da rabonta da shi tun tana goye a bayan kakarta. Kwaɗin nan duk suka yi shiru lokaci guda, kamar an rufe su da ƙwarya.

Saude tana tsakiyar karofi, ta ba ta baya. Zanenta na kaɗawa. Tafiya take, amma irin ta mai ɗauke da tulu cike, taku ɗaya sai ta tsaya. Ramin ƙarshe ta nufa.

Ramin ya cika. Ruwan da yara ke leƙe can ƙasa ya hau har baki, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Yana juyawa a hankali, kamar akwai mai motsa shi da dogon sanda daga ƙasa. Kumfa shuɗiya na taruwa a tsakiya, tana fashewa.

“Saude. Zo mana, 'yata.”

Muryar Dela ce, ba ko shakka. Sai dai an sa mata taushi da ɗumi, abin da mai ita ba ta taɓa sa mata ba.

Dela ta nemi tsoro a ƙirjinta ba ta samu ba. Ta ga abin da ke faruwa sarai, ta san yarinyar nan in ta kai bakin ramin ba za ta dawo ba, amma sanin ya tsaya mata a ka, bai sauko ba. Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu. Harshe ya yi nauyi. Ta ɗaga ƙafa. Laka ta riƙe ta har idon sawu.

Yarinyar ta ƙara taku ɗaya.

“Saude na. Na daɗe ina son in kira ki.”

Kafaɗun yarinyar suka girgiza. Kuka take, marar sauti.

Dela ta buɗe baki. Sunan yana nan a maƙogwaro, ta ji shi. Ta tura. Iska ce kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Leɓɓanta suka haɗa harafin farko suka tsaya. Harshen da ya shekara goma sha wani abu yana kauce wa kalma ɗaya, ba yau zai koye ta ba.

Ƙafar Saude ta dama ta taɓa ruwan.

Ruwan ya daina juyawa.

Ƙafar ta nutse har idon sawu. Wani abu a ƙasa ya ja numfashi, dogo, irin na wanda ya daɗe yana jira.

Abin da ya fito daga bakin Dela ba ita ta shirya shi ba. Muryarta ce ta kullum, busasshiya, ta tsakar gida.

“Ke. Kabar nan wa zai ɗauka? Ni?”

Yarinyar ta tsaya cak.

“Ke wannan, da ke nake. Tuwo na kan wuta.”

Kan Saude ya juyo a hankali, kamar yadda yake juyowa kowace safiya in an aike ta. Idanunta a buɗe, amma sai da suka yi yawo kafin su sauka a kan uwarta.

“Ke,” in ji ramin, da sauri. “Ke wannan.”

Amma da daɗi ya faɗa. Bai iya ba.

Dela ta fizgo ƙafarta, takalmi ya zauna a laka. Ba ta san yadda ta ƙetare ramukan ba. Ta dai ji wuyan hannun yarinyar a tafinta, sanyi ƙalau. Ta ja. Aka ja daga ƙasa. Ta kafa dunduniya ta ja da duk abin da ya rage mata. Gefen zanen Saude ya kece, ƙyallen ya shige ruwa kamar an haɗiye. Su biyu suka zube a ƙasa.

Nan take ruwan sama ya kece.

Suka tashi suka yi gari, ba wadda ta waiwaya. A bayansu muryar tana ta kira, yanzu ba taushi, tana gwada sunan sama da ƙasa kamar mai gwada mabuɗi a ƙofar da ba tasa ba. Har suka shiga lungun unguwarsu Dela tana jin sa a cikin ƙarar ruwa. Kabar tana can bakin zaure, launinta na zuba cikin kwata.

Washegari Dela ta je ta faɗa wa Malam Muhammadu Lawal abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, kamar mai ba da labarin kasuwa. Bai yi musu ba. Ya kunna rikoda a gabanta: Abu, Mamuda, sai shiru, sai dariyar mata. Ya kashe. Da hantsi aka kira liman ya yi addu'a, samari suka yi ta jido duwatsu daga gindin dutse suna zubawa a ramin, har ya daina haɗiya. Ranar rufe taro iyaye suka zo suka ga ƙore da faifai da tukwane, suka yaba. Ba a zaga da kowa bayan zaure ba.

Ƙafar Saude ta dama ta rine shuɗi har idon sawu. An wanke da sabulu, an goge da toka da lemon tsami, an yi tofi. Launin bai fita ba. Ta kuma daina amsa sunanta daga nesa. In ƙawa ta kira ta daga waje, sai ta ga fuskar mai kiran tukuna.

Dela ma wani abu ya canja mata, ko da yake ba a gani. Ta fara jin zafi in basilla ta soke ta. Ta fara farkawa da asuba tana lalubar shimfiɗar yarinyar. Kuma sunan nan da ya maƙale mata a maƙogwaro bai koma ba. Tana gwada shi a ɓoye, a madafa, in ba kowa, har ya fara fitowa.

Wata ranar Juma'a da hantsi tana yi wa Saude kitso a inuwar rumfa. Kan yarinyar na kan cinyarta. Ba wanda ya tayar da zancen tun ranar, sai yarinyar ta yi magana ba ta ɗago ba.

“Inna, na san ba ke ba ce.”

Hannun Dela ya tsaya.

“Tun kiran farko na sani. Ai ba kya faɗa. Na dai ce bari in ƙara ji sau ɗaya, sannan in juyo.”

Dela ta ji abin ya sauko mata daga ka zuwa ƙirji, da nauyinsa duka, wanda bai sauko ba ranar da aka kawo gawar mijinta. Idanunta suka cika. Ta sunkuya kusa da kunnen 'yarta, ta ja numfashi, leɓɓanta suka haɗa harafin farko.

Saude ta ɗaga hannu ta rufe mata baki.

“Kada ki faɗa, Inna,” ta ce a hankali. “In kika faɗa yanzu, ba zan ƙara sanin wace ce ke kira ba.”

Dela ta daɗe a haka, tafin yarinyar a kan bakinta. Sannan ta gyara zama, ta ɗauki tsinken kitso.

“Ke,” ta ce, “juyo da kanki.”