Wanda Ya Ciyar Da Ɓerayena

"Biskit?! Biskit ka ba su?!"

Haka na daka masa tsawa. Dogo, mutumin da saura wata biyu mu yi aure, yana tsaye bakin ɗakin bincike yana sosa ƙeya kamar yaron da ya fasa tulu.

Wata bakwai ina auna wa ɓeraye arba'in abinci gram-gram, don a ga yadda ƙarancin abinci ke taɓa ƙwaƙwalwa. Digirina kacokan a kansu yake. Sai ga waɗanda nake rage wa abinci suna ta ƙiba, ashe gata suka samu!

"Sanyin idona, wallahi kallona suke yi..." ya ce. "In na zo jiranki kina wajen Farfesa, sai su kama ƙarfen keji..."

"Yunwar ita ce binciken! Kai da ke lissafin taurari, wannan ne ya fi ƙarfin kanka?"

"Tausayi ne..."

"Ni ban cancanci tausayin ba? Fita!"

Abin da ya ƙara ƙona min rai, ashe 'Yar Lele, abokiyar aikina mai hangen gurbina, ta gan shi tun makon farko ta ja bakinta ta tsuke. Sai da awo ya rikice ta kai wa Farfesa mai duba aikina tsegumin cewa ƙirƙirar lambobi nake yi.

A gida, da Yaya ya ji labari, ya samu abin da yake nema.

"Da ma na faɗa miki, mai wuni yana magana da allon lissafi ba miji ba ne. A fasa kawai!"

Haushin Dogo nake ji kamar in mutu, kuma ina sonsa, wannan ya fi komai ba ni haushi.

Washegari Farfesa ya dube ni ta saman gilashi.

"Ko ki yi bayani, ko ki ajiye katinki na ɗaliba."

Kafin in buɗe baki Dogo ya faɗo, riƙe da ƙaramin littafi.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ga shi."

Farfesa ya buɗe. Rana, lokaci, lambar keji, nauyin kowane gutsure, babu wanda ya tsallake.

"Aunawa ka yi?"

"Ba na iya ba da abu ban auna ba, ranka ya daɗe. Haka aka horar da mu."

Farfesa ya jera littafin da takarduna ya daɗe yana dubawa.

"Lambobinki gaskiya ne. Amma gwajin ya lalace, sai ki sake daga farko."

'Yar Lele da ke raɓe a gefe ta sulale ba sallama.

A waje na juyo kansa, idona jawur.

"Wata bakwai ka cinye min! Babu aure sai na gama."

"Na yarda, zuciyata."

"Kuma kai za ka faɗa wa Yaya dalilin ɗaga auren, da bakinka."

Ya sake sosa ƙeya.

"...Na yarda."

Yayan nan ko ƙannen mahaifinmu shakkarsa suke. Da la'asar na leƙa ta taga, na ga Dogo durƙushe a tsakar gida, Yaya na zazzaga masa ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

"Ka rabu da ƙanwata!"

"Yaya, ka ƙara min faɗan, na cancanta. Wannan ɗayan ne dai ba zan iya ba."

Ban san sanda na fito ba, ko takalmi babu. Na durƙusa kusa da shi.

"Yaya, ni ma ba zan iya ba."